Ragon da Ya Jira Ƙasar Falasɗinu

Da aka ɗaura mini aure da mai agashe, wato mai tsire, ƙawayena sun ce na dace, zan ci nama har ya ishe ni. Na tare a gidansu a Umdurman na tarar naman a kasuwa yake ƙarewa, abin da ke isowa gida sai warin hayaƙi a riga da ragowar yaji. Dabba ɗaya ce ta taɓa zama a tsakar gidanmu, ita ma an hana mu cin ta, ni kuma aka bar wa sharar kashinta.

Surukina ne ya kawo ta. Baba muke ce masa dukkanmu, har maƙwabta. Dogon tsoho ne da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tsinkar auduga a gonakin Jazira, ya dawo birni da ciwon baya da wata rediyo mai rigar fata. Shekarun farko ne na mulkin soja, sukari sai da kati, burodi sai da layi, amma ban taɓa ganin rediyon nan ta rasa batir ba. Daga angarib ɗinsa, gadon nan na igiya, a gindin dalbejiya yake bin duniya, ya saurari labaran Larabci, sannan ya murɗa ya nemo na Hausa daga ƙasashen waje don ya ga wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Ranar da aka ce shugaban Falasɗinawa da na Isra'ila sun yi musabaha a gaban duniya, Baba bai ci abincin rana ba. Ya hau hafila, motar haya, ya nufi kasuwar dabbobi da ke can bayan Kasuwar Libiya, ya dawo da ɗan rago fari mai baƙin kunne. A ƙofar masallaci, gaban liman da duk wanda ya zo la'asar, ya yi bakance cewa ranar da Falasɗinawa suka sami ƙasarsu, wannan ragon zai yanka karama, wato sadakar godiya ga Allah, unguwa ta ci. Liman ya ja shi gefe ya tambaye shi ko ya auna maganar, don bakance ba ya warwaruwa. Baba ya ce ai an riga an sa hannu, abin da ya rage bai wuce wata biyu ko uku ba.

Ragon ya ci wata ukun, ya ci shekara, ya shiga ta biyu yana ƙiba. Kullum da safe Baba zai sayo masa damin ciyawar barsim ɗanye shar, mu kuwa muna jiƙa burodi a ruwan ful, wato dafaffen wake. Bai tsaya ga barsim ba. Ya sha mini ƙullun kisra, wainar dawar nan mai faɗi, ya cinye lallen da na kwaɓa don bikin ƙanwata, ya tauna gefen tob, mayafin da na fi so, a kan igiyar shanya, har na koma ina naɗe wajen a hammata idan zan fita. Ya tunkuyi wata maƙwabciya da ta zo aron turmi, ta daina gaishe ni sai da azumi ya zo. In na kai ƙara, Baba ya ce in yi haƙuri, baƙo ne, kwanansa a gidan nan ƙidayayye ne. Maigidana kuwa, mutumin da yake feɗe dabba kafin shayinsa ya huce, sai ya kalli ragon ya kalli ubansa ya sa takalmi ya fice.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babbar Salla. Mu ne masu ragon da ya fi kowane ƙiba a layin, mu ne kuma ake aiko wa da nama a faranti don tausayi. Yara su shigo da farantin, ragon ya bi su da kallo yana tuƙa.

Ta haka na shiga siyasa. Ni da ban gama firamare ba, na wayi gari na san Gaza, na san Yammacin Kogin Jordan, na san wace jam'iyya ce a Isra'ila take cewa a ba da ƙasa a zauna lafiya, wace ce take cewa ko taku ɗaya ba za a bayar ba. Mata in mun taru shan jabana, wato gahawa, su suna zancen turare da tsadar gawayi, ni ina zancen matsugunan da ake ginawa a kan tuddai. Suka fara cewa karatu ya shige ni da girma. Ba karatu ba ne, ni dai so nake a yanka ragon nan in huta.

Sai aka harbe shugaban Isra'ila da ya yi musabahar, kuma ɗan ƙasarsu ne ya harbe shi. Abokin tafiyarsa ya hau kujera, bayan 'yan watanni aka sa ranar zaɓe. Wanda ya fito ya kara da shi ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne, mai ƙarancin shekaru da zaƙin baki, yana yawo yana cewa in dai shi ne a kujera babu wata ƙasar Falasɗinu, tsaro ne gaba da komai. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, don ba mu da talabijin, amma na tsane shi tsana ta gaske. Duk sanda aka fassara maganarsa a rediyo, ni shekara nake hangowa ta shara da tsintsiya.

Baba ko a jikinsa. Ya ce in kwantar da hankalina, zaɓe ai an san yadda yake. Shi ya ga gwamnatoci sun zo sun tafi, kuma a iya saninsa da tankar yaƙi ake sauke na kan kujera, ko mutane su cika titi, amma takarda a akwati ba ta taɓa tayar da kowa daga inda yake zaune ba. Mu ma ba da daɗewa ba aka yi mana namu zaɓen, aka jera sunaye rututu waɗanda ko wanzamin unguwa bai san su ba, shi da ya san kowa, kuma tun kafin a buɗe akwati har ragon ya san wanda ya ci. To na can ma ga sojoji a hannunsa, ga rediyo, ga masu ƙirga ƙuri'a. Yaron nan mai surutu an bar shi ne kawai don Turawa su ce an yi takara.

Daga nan lissafinsa ya miƙe. Na kan kujera zai ci, in ya ci zai ƙarasa abin da aka fara, saboda haka ranar da aka faɗi sakamako ita ce ranar ƙasar Falasɗinu, sauran duk aikin takarda ne. Ya sa karama ranar Juma'a bayan masallaci. Liman ya ɗan yi gyaran murya, amma shi ma shekara uku yana wucewa ta ƙofarmu yana ganin cinyoyin ragon nan, bai tsawaita ba. Ni kuwa na ce wallahi ban taɓa jin lissafi mai kyau irin wannan ba.

Aka aika unguwar Hajj Yusuf aka gaya wa ƙannen maigidana da matansu. Na ari manyan tukwane, na yanka albasa har idanuna suka kumbura, muka kwana biyu muna yin kisra ni da maƙwabciyar da aka tunkuya, wadda ta ce ita a ba ta kan kawai, tana da magana da shi. Ran Alhamis rediyo ta ce ƙuri'u sun yi kusa da juna ƙwarai, ba a san gwani ba. Baba ya yi dariya ya ce su can sun iya abin, suna sa masa gishiri, ba irin namu ba da ake faɗin adadin da ko mai shi yake jin kunya.

Ran Juma'a tsakar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi har waje, an wanke ragon ya yi fes, an haƙa ramin jini a gindin katanga. Maigidana ya wasa wuƙa, ƙannensa biyu suka kayar da ragon suka fuskantar da shi alƙibla. Baba ya sa farar jallabiyarsa da rawani, ya ce kada a sa wuƙa sai mai labarai ya faɗa da bakinsa, don a haɗa bisharar da bismilla. Ya ɗora rediyon a gwiwa ya ƙure murya. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

Mai labarai ya yi sallama, ya ce an gama ƙirga, ɗan ra'ayin riƙau ya yi nasara da ɗan ƙaramin rinjaye, kuma na kan kujera ya amince ya sha kaye.

Ragon yana ta numfashi a ƙarƙashin mutum biyu. Baba ya girgiza rediyon, ya murɗa zuwa tashar Larabci, can ma maganar ɗaya ce. Ya ɗago ya dubi liman.

"Malam, na kan kujerar ne ya faɗi?"

Liman ya ce haka aka ce.

"To sojojinsa suna ina? Shi bai aika kowa wajen ƙirgar ba?"

Duk cikinmu babu wanda ya taɓa ganin irin haka. Wanzami ya ce a jira zuwa magariba, wataƙila a ji kiɗan soja a rediyonsu a gyara kuskuren. Wani daga Hajj Yusuf ya ce tunda an riga an yanka albasa, a yanka ragon mana, Allah ya ga niyya. Liman ya haɗiyi yawu ya ce ana iya yankawa a ci, amma bakancen yana nan a wuyan Baba, sai ya sayi wani ragon ya ajiye. Da na ji an ambaci wani ragon, sai da na dafa bango.

Baba ya ce a'a. Wannan ya nuna wa Allah da yatsa, ba wani ba. Ya ce a sake shi. Ragon ya miƙe, ya kakkaɓe jiki, ya taka zuwa tiren da na tara yankakkiyar albasa da ganyen salatin baƙi ya sa baki.

Baƙi kuma ba a sallamarsu da yunwa. Wuƙa tana hannu, ga ramin jini an haƙa, sai idon maigidana ya faɗa kan akurkin kajina. Kajin da na tara da kuɗin kitso, masu yi mini ƙwai, su suka tafi a ranar, har da zakaran. Aka tsinka miya da ruwa ta isa kowa. Mutane suka ci suna tattauna yadda ƙasa za ta zauna lafiya in shugaba yana iya faɗuwa zaɓe haka kawai, aka watse ba a cimma matsaya ba.

Da la'asar sakaliya ina wanke tukwanen aro ina kuka, rabi don kaji rabi don haushi, sai Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya san ragon nan ya zalunce ni. Sannan ya ba ni labarin da ko ɗansa bai taɓa ba ni ba. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, daga can ya wuce Ƙudus, guzuri ya ƙare masa a Jazira. A kambo aka haifi Baba, wato bukkokin 'yan ƙwadago a bakin gonar wasu, a can ya binne mahaifin nasa kusa da magudanar ruwa. Wata shekara masu gona suka ce a tashi, aka tashi. Da ya koma ziyara bayan damina, auduga ce a wajen, ya yi ta zagaye bai gane inda kabarin yake ba.

"'Yar nan, ni ban san Falasɗinawa ba, ko ɗaya ban taɓa gani ba. Amma na san a haife ka a wuri, ka binne naka a wurin, a ce maka baƙo ne kai. Ina so in ji an ba wani nasa kafin in mutu, ko da ba ni ba ne."

Na ci gaba da cuɗa tukunya. Bayan kwana biyu ya dawo daga kasuwa da 'yan tsaki a kwali ya ajiye mini a ƙofar ɗaki. Ragon ya cinye kwalin.

Muka ci gaba da zama, mu uku da rediyo. Sabon shugaban can ya yi ta jan ƙafa, yau a ce za a zauna, gobe a ce an fasa, ana ta ƙara gine-gine a kan tuddai. Baba ya daina cewa wata biyu ko uku. Ƙafafunsa suka kumbura, ya kasa zuwa sayen barsim, ni na koma ina sayowa ina mita a hanya. Ragon ma ya fara tsufa, ya rage tunkuyi, sai ya kwanta a gefen angarib su yi ta sauraron labarai tare.

Baba ya rasu da sanyin safiya a farkon damina. Aka kafa rumfar makoki a ƙofar gida, mutane suka zo daga Hajj Yusuf, har daga Jazira, ga bakuna da yawa ga hannu babu komai. Ran sadakar uku ƙannen maigidana suka ce ga rago a ɗaure, mai bakancen ya tafi, a yanka masa shi sadaka ladan ya isa kabarinsa. Liman ya ce babu laifi. Magana ce mai hankali, kuma kowa a gidan ya san wadda za ta fi kowa murna. Maigidana ya ɗauko wuƙa ya shigo yana cewa yau dai zan huta.

Ya tarar da ni zaune a kan turken, igiyar tana naɗe a hannuna. Ni kaina ban san sanda na je wurin ba. Ya ce in tashi mutane suna jira. Na ce ga kajina can sun girma, ya kama duk wadda ya ga dama.

"Ke da kika shekara nawa kina roƙon a yanka shi?"

"An ba su ƙasar ne?"

Ya tsaya yana kallona, wuƙar a hannunsa, sannan ya juya ya nufi akurki. Na shiga ɗakin Baba na ɗauko rediyon, don lokacin labarai ya yi, na dawo na zauna kusa da ragon na kunna.