Ɗigo Uku a Bayan Fatar Birki

A layin masu gyaran motoci na Dilimi, in ka tambayi Tiamiyu Adisa ba lallai a gane wanda kake nufi ba. Baba Lagireto ake ce masa, don shekara talatin da huɗu ke nan yana wanke lagireto, wato tankin ruwan sanyaya injin mota, yana liƙe ta da dalma a rumfa ɗaya. A Jos aka haife shi. Mahaifinsa ya zo daga Ogbomosho zamanin haƙar kuza, ya yi ɗinki a Bukuru har ya rasu. Tiamiyu bai wuce aji biyar na firamare ba, kuma Hausarsa ta fi Yarabancinsa kyau.

Ba shi da muƙami a ƙungiyar makanikan layin. Sau biyu ana so a ba shi yana ƙi. Abin da aka san shi da shi shi ne, a taro ba ya buɗe baki sai kowa ya gama, kuma in ya yi magana da wuya a sake ta da zancen. Wannan hali ne ya sa wasu ba sa sakin jiki da shi. Wani mai walda ya ce mini mutumin da yake jira kowa ya gama, awon kowa yake yi.

Daura da rumfarsa akwai shagon kayan gyara na Madam Okwuchi, wadda ta gaji sana'ar daga mijinta Ikemefuna bayan rasuwarsa shekara shida da suka wuce. Ba sa shiri. Ruwan tsatsa da yake zubarwa daga lagireto yakan gangara ƙofar shagonta, kuma sau uku tana kai ƙararsa.

A daminar bara wata bas mai zuwa Bukuru ta ƙwace a gangare, ta faɗa kwata. Ba a rasa rai ba, amma direban, Sallau, ya karye a hannu. Da aka kwance tayar, sai aka tarar fatar birkin, wadda bai fi mako biyu da sakawa ba, ta ɓare daga jikin ƙarfenta. Jabu ce. Makaniken da ya saka ya ce a shagon Okwuchi ya saya. Kafin mako ya zagayo aka sa ranar taro don a yanke cewa kada wani ɗan ƙungiya ya ƙara sayen ko ƙusa a wurinta. A layi irin wannan, inda makanikai ne masu sayayya, ma'anar haka rufe shago.

Dokar ƙungiyar ita ce wanda ba memba ba ba ya shiga taro, ko da kuwa maganarsa ake yi. Sai dai wani memba ya tsaya masa. Okwuchi ta nemi mutum huɗu, kowa ya ce yana da uzuri. Sai ga Tiamiyu ya tsallako titi da kansa ya ce zai tsaya mata.

“Oga Tiamiyu, me kana so a wurina?” ta tambaye shi.

Ya ce ba komai. Ba ta yarda ba, kuma ba ita kaɗai ba. Wasu suka ce shagon yake hari, wasu suka ce so yake ya rama ƙarar da ta kai shi. Abin da ya ƙara wa mutane zargi shi ne abin da aka ga yana yi a kwanakin da suka rage. Mutumin da bai taɓa kwance taya ba, sai ga shi da bokiti yana bin gareji-gareji yana roƙon tsofaffin fatun birki daga tarin shara. Kowace ya karɓa, sai ya rubuta sunan mai garejin a kanta da alli. In an tambaye shi, sai ya ce tsufa ne. Aka fara cewa ko shi ne yake kai wa masu jabu tsohon ƙarfe suna liƙawa.

Ranar Asabar bayan La'asar aka zauna, mutum arba'in da bakwai a lissafin Joshua, sakataren ƙungiya, wanda fatar birkin da ta jawo haɗarin take hannunsa tun ranar farko. Okwuchi tana kan benci a waje, kusa da taga. Mutum tara suka yi magana, duk a kanta. Tiamiyu yana zaune da bokitinsa tsakanin ƙafafunsa, an rufe da buhu.

Shugaban ƙungiyar Bagobiri ne, don haka akwai wasa tsakaninsu. Ya ce Bayarabe ya tashi ya faɗi tasa, in dai ba barkono ya zo sayarwa a bokitin ba. Aka yi dariya. Tiamiyu ya bari dariyar ta lafa.

Bai fara da Okwuchi ba. Sallau, wanda shi ma yake zaune a waje, ya fara yi wa sannu ta taga, ya tambaye shi ko hannun yana barinsa barci, ya kuma jira amsa. Daga nan ya ɗauki zargin ya jera shi fiye da yadda masu zargin suka iya: mutum goma sha huɗu ne a motar, da mai ciki a ciki, kuma duk wanda ya sayar da wannan fata ya san abin da ya sayar. Ya ce irin wannan mutum bai cancanci zama a layin ba ko na wuni ɗaya, kuma shi ne zai fara ɗaga hannu a kore shi. Okwuchi ta gaya mini cewa a nan ta miƙe ta ɗaura gyalenta, don ta gama yarda an sayar da ita. Amma ba ta tafi ba, ta tsaya a bakin tagar.

Sai ya yaye buhun. Ya riƙa kiran suna yana miƙa wa kowa tasa tsohuwar fatar, yana tambaya ko a wurin Madam aka saya. Waɗanda suka ce e, ya ce su juya bayan ƙarfen su gaya wa na kusa da su abin da suka gani. Ɗigo uku ne a jere, bugun ƙusa. Mutum goma sha tara suka gani a hannunsu. Waɗanda suka saya a wani wuri ba su ga komai ba.

“Ni wannan ɗigon ya hana ni sakewa shekara ashirin,” in ji shi. “Kowace safiya kafin in sha koko, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Marigayi mijinta ne ya fara buga shi, don kada a kawo masa kayan wani a ce nasa ne. Na zaci in ya tafi zan huta. Ita ma bugawa take yi, har ta fi shi ƙarfin hannu.”

Ya roƙi Joshua ya zagaya da fatar haɗarin. Ta bi hannu arba'in da bakwai, bayanta sumul. Tiamiyu bai ce Okwuchi ba ta da laifi ba, bai kuma kalli makaniken da ya saka fatar ba. Ya ce shi dai abin da ya sani ke nan, su ne masu birki, shi na ruwa ne. Ya zauna. Joshua ya ce duka maganar ba ta kai minti goma sha biyu ba.

Da aka zo ɗaga hannu, mutum shida ne suka nemi a hana sayayya a shagon. Aka bar shi a buɗe.

Zargin bai mutu ba, gida ya sauya. Makaniken ya ce mantuwa ya yi, wataƙila a Bukuru ya saya, kuma bayan wata biyu ya bar layin. Akwai masu cewa har yanzu wai Okwuchi takan bar wasu kayan ba ɗigo in ta san ba su da kyau. Akwai masu cewa Joshua da Tiamiyu sun musanya fatar. Na riƙe ta a hannuna, ban ga alamar goga ba, kuma Sallau ya ce ita ce aka ciro daga motarsa. Iyakar abin da na iya tabbatarwa ke nan.

Na tambayi Tiamiyu me ya sa bai gaya wa matar shirinsa ba tun farko, ya bar ta tana jin ana yanka ta ta taga. Ya ce da ya gaya mata, da kafin Asabar duk layin ya ji, kowa ya zo da amsarsa a aljihu. Mutum, in ji shi, yakan yi gardama da abin da ka gaya masa, amma da wuya ya yi gardama da abin da ya juya da hannunsa.

Okwuchi tana shagonta. Ta ce ta gode masa, amma har yau ba ta san me yake so ba, kuma tana lura. A watan jiya ta sake kai ƙararsa kan ruwan lagireto.