Gwiwar da Gwaggo Burgl Ta Ara

Gwaggo Burgl, yayar babana, da abu ɗaya aka san ta a ƙauyenmu: Auszogne, fanken da ake soyawa a man shanu ranar bikin coci. Sunan ba shi da wani zurfi, a bakinmu na Bavariya da ke ƙasar Jamus "abin da aka ja aka miƙe" ke nan. Gwaggo kuwa a kan gwiwarta take ja, yadda ta ga uwarta na yi. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ɗora curin kwaɓin, ta yi ta janyo gefe har tsakiyar ta yi shara-shara. Tun tana budurwa bikin bai taɓa wuce ta ba.

Bara aka yi mata aiki a gwiwoyin, suka ƙi lanƙwasuwa. Matan coci suka fara raɗe-raɗin cewa bana sai dai a sayo na gidan burodi. Ana gobe biki na same ta a kicin ta zuba wa kwanon kwaɓi ido. Tausayinta ya kama ni.

Na gyara murya na ce, "Gwaggo, ai sunan ja kawai ya ce, bai ambaci gwiwa ba. Ki ja a kan tebur mana."

"Tebur? Korbinian, tebur yana da ɗumi ne? Kai, naɗe wandonka in gani."

Na haura shekara hamsin ba a taɓa yaba mini komai ba. Ko a ƙungiyar mabusan ƙauye tuta suka ba ni in riƙe, don kada in taɓa ƙaho. Amma da Gwaggo ta ga gwiwata, faffaɗa, mulmul, ko gashi babu, sai ta ce, "Ashe Allah bai yi ka a banza ba."

Washegari da sassafe ta zaunar da ni, ta shimfiɗa ƙyalle a kan gwiwata, ta hau ja. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu. Da na muskuta sai ta daka tsawa, "Tsaya cak, sarkin tumbi!"

A wurin biki kafin rana ta take an cinye tas. Resi, shugabar matan coci, ta ce, "Burgl, na bana ai sun fi na kullum faɗi!"

Gwaggo ta zaro guda ɗaya da ta ɓoye a ƙyalle, ta danƙa mini, idonta ya ciko.

"Ci, ɗana," in ji ta. "Kada ka kuskura ka rame kafin baɗi."