Waƙata a Hannun Hajara

Jiya malamarmu ta sa mu rubuta waƙa kan cin zali, babu suna. Ta zuba takardun a kwando, kowa ta ɗauki ɗaya ta karanta.

Tawa ta faɗa hannun Hajara, mai kirana Bebiya don ba na magana. Kuma a kanta na rubuta! Kamar in nutse.

Tana kaiwa tsakiya ta ɗago kai ta dube ni.

Da aka tashi ta tare ni wajen hawa keke.

"Zainabu, ke ce ko? Ki yafe min." Sai ta rage murya: "Kina iya ta soyayya?"

Ni da na haddace littattafan soyayya!

Jama'a, in rubuta mata, ko in ɗan ja aji tukuna?