Injin da Ya Hau Tudun Garinmu

A shekara ta biyu ta fari, lokacin da shanu ke faɗuwa a bakin rijiyoyi, maigidana ya ce zai sayi mota. Sana'arsa fata ce, ya gada daga mahaifinsa a cikin Birnin Damagaram, kuma farin da ya karya kowa shi sai ya buɗa masa kasuwa, don saniyar da ta mutu ƙirginta hannun irinsu yake zuwa. Wannan arziki bai taɓa yi masa daɗi ba. Mutum ne mai gudun bakin jama'a, ko sabuwar riga ya ɗinka sai ta kwana biyu a adaka kafin ya iya sa ta.

Dillali ya kawo motoci biyu ƙofar gidanmu, baƙaƙe, dogaye, ƙirar Jamus, kujerunsu na fata. Na leƙa ta zaure na ga babu abin da ya raba su a ido. Bambancin yana cikin ciki: ɗaya injinta silinda shida ne, ɗaya huɗu. Abokan maigida suka taru suna zagaya su, kowa ya zama makanike a ranar, har da wanda ko keke bai taɓa hawa ba. Bakinsu ya zo ɗaya a kan ƙaramar, mai silinda huɗu. Ba ta shan mai, ba ta da ƙara, kuma a irin wannan shekara bai kamata mutum ya wuce masu yunwa yana ruri ba.

Ni kuwa ba ƙarar nake lissafi ba. Innata tana ƙauyenmu, can bayan Dakusa, a cikin wani kwari da tudun rairayi ya tare wa hanya. Ko kamiyon, babbar motar da ke kai hatsin taimako, a gindin tudun yake tsayawa, mutane su zo da jakuna su ɗauka, ga shi jakunan sun ƙare. Ƙafafun Inna sun kumbura, ba ta iya doguwar tafiya. Na aika mata sau da dama ta zo birni, amsar ɗaya ce, ba ta ga abin da zai fito da ita ba. Tsorona shi ne damina ta sake ƙin zuwa alhali tana cikin kwarin nan.

Da maigida ya shigo cin abincin rana na ajiye masa akushi, na zauna.

"Alhaji, wacce ka tsayar?"

"Ƙaramar. Mutane sun ce ta fi sutura."

"Sutura? Mai yunwa ba ya ƙirga silinda. Baƙar mota zai gani doguwa, ko wacce ka hau. In kunya ce, ta riga ta kama mu tun da aka jera su a ƙofa. Ni dai a garinmu ba a sayen takarkari sai an ɗora masa kaya an ga tafiyarsa."

Ya yi dariya ya ce motar alfarma ba takarkari ba ce. Na ce to a gwada, in na yi kuskure na rufe bakina. Na san ban yi ba. Na girma ina ganin babana yana labta wa sa buhuna a tsakiyar kasuwa, ya kora shi zuwa rairayi, mai sa yana biye yana rantsuwa. Sau da yawa dabbar da ta yi kyau a tsaye takan durƙusa a nan.

Dillali ya yi ta ƙorafi, ya ce tun da yake sana'ar nan ba a taɓa yi masa haka ba, amma ya yarda. Aka cika bayan motocin da buhunan gero, maza suka cika kujeru, aka nufi wani tudu a bayan gari. Ban je ba, shofer, wato direban da maigida ya ɗauka, shi ne ya ba ni labari. A kan gudron, wato kwalta, duk biyun lafiya lau. Da aka shiga rairayi ƙaramar ta kai rabin tudu ta fara nishi, sai da mutane suka sauka suka tura. Babbar ta haye da kayanta. Washegari ƙaramar ce aka janye daga ƙofa.

A ranar Juma'ar makon muka tafi, bayan an sauko daga masallaci. Shi da shofer a gaba, ni a baya, gero a but ɗin mota. Gonaki fayau, ko kara babu. Da muka gangara kwarin, mutane suka fito da ƙwarya a hannu, sun ji rurin injin sun zaci kamiyon taimako ne. Na ga kunya ta kama maigida, ya sunkuyar da kai. Aka sauke buhuna a ƙofar mai gari, sannan ya iya ɗaga ido.

Inna ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Maigida ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, kamar yadda suruki ke yi, ya koma waje. Na ce mata ta shirya.

"Ke 'yar nan, ina zan tafi in bar ta?"

Ta nuna maƙwabciyarta, tsohuwa makauniya wadda 'ya'yanta suka tafi Kano neman abinci, tare suke cin abin da ya samu. Akwai kuma matar ƙanena da goyonta. Akwai tukunyar irin gero da Inna ta liƙe da laka, ta hana kanta ci duk tsananin nan. Akwai turminta, da akuya ɗaya da ta rage. Ba ta bar ko ɗaya ba, ni ma ban roƙe ta ta bari ba. Turmi ya shiga but, akuya ta kwanta a kan ƙafafunmu, tukunya a cinyar Inna. Motar ta zauna har ƙasa.

A gindin tudu shofer ya tsaya ya juyo.

"Alhaji, kayan sun yi yawa. In ta tsaya a tsakiya, sai an rage mutum."

Makauniyar ta fara laluben ƙofa. "Ni ce ƙari," in ji ta a hankali. "Ku sauke ni nan, Allah ya saka da alheri."

Inna ta kama wuyan hannunta ta riƙe gam. Na san in tsohuwar nan ta sauka, uwata ma ta sauka ke nan, kuma ba za ta sake hawa ba. Sai na tuna tudun bayan gari.

"Malam shofer, ja da baya ka ba ta wuta," na ce. "Don wannan aka saye ta."

Maigida bai juyo ba, don surukarsa na baya, sai dai ya ɗaga wa shofer kai. Injin ya yi rurin da abokansa suka tsorata da shi, ƙafafun motar suka tono rairayi, ta yi kamar za ta tsaya, akuya ta yi kuka ta jiƙa mana kujera. Sai muka ga sararin sama ta gilashin gaba, sannan hanya ta miƙe.

Warin akuyar nan bai bar kujerar ba har motar ta tsufa, kuma maigida bai taɓa yarda a sake mata fata ba. Inna ba ta san me ake kira silinda ba har ta koma ga Allah. In an tambaye ta labarin motar surukinta, abu ɗaya take faɗa: a tudun garinmu ba a sauke kowa ba.