Ranar da Alƙali Ya Sa Muka Ɗaga Riguna

Ni na fara cewa a kama shi, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. Lokacin ina gyaran keke a bakin titi a Sheme, shekarun da kuɗin mai suka sa kowa ya rataya rediyo a kafaɗa. A rediyon muka ji kashe-kashen da aka yi a Kano. Sauran labarin bakin kasuwa ya ƙarasa mana: wai masu ta'asar sun watsu cikin ƙauyuka, kuma ana gane su da tsaga a ciki.

Ran kasuwa wani baƙo ya tuɓe riga yana wankewa a bakin rijiya, na hango tsaga jere ƙasan haƙarƙarinsa. Na kwarma ihu. Kafin ya gane abin da ake ciki an ɗaure shi da igiyar shanu, sanduna sun tashi sama.

Allah ya kawo wani tsohon alƙali daga Faskari, ya zo sayen dawa. Ɗan siriri ne, ko tsawa bai yi ba. Ya ce a shimfiɗa tabarma, a kwance mutumin, a ba shi ruwa. Har yau ina mamakin yadda taron nan ya bi shi kamar tumaki.

"Wa ke ƙara tai?" in ji shi. Kowa ya waiwayo ni.

"Mi ka ga ya yi?"

"Allah shi gafarta Malam, tsaga gare shi a ciki."

"Abin da ya aikata nike tambaya, yaro."

Ya juya ya saurari baƙon har ya gama: mutumin Sabuwa ne, zuma ya kawo. Aka kira wanzami, ya duba, ya ce tsagar saifa ce, irin wadda ake yi wa yara in ciki ya kumbura. Duk da haka alƙali ya ce a ajiye shi zauren mai gari, kada wanda ya taɓa shi, sai shaidu sun zo daga garinsu. Sun kuwa zo bayan kwana biyu, suka wanke shi.

Amma kafin mu watse ranar, ya ce duk mai riƙe da sanda ya ɗaga rigarsa. Muka ɗaga, ana ta sunkuyar da kai. Na dubi cikina. Tsagar baƙon biyar ce. Tawa, wadda uwata ta sa aka yi mini ina goye, bakwai.