Ranar da Aka Buɗe Akwatin Ƙanwata

Ko tsufa ya kwashe mini rabin abin da na sani, ba na jin zai iya taɓa ranar da aka buɗe akwatin ƙanwata a bakin wani rami a unguwar Dar es Salam ta nan Yamai.

Ni ƴar kasuwa ce, kayan miya nake sayarwa a Petit Marché. Autarmu kuwa ita ce ta yi boko mai zurfi, ta fito injiniya, ta samu aiki a wani kamfanin sadarwa nan Yamai. A gidana take zaune a unguwar Maourey a lokacin. Aikinta na fibir ne, wato wayoyin nan na gilashi da ake binnewa a ƙarƙashin titi. Ta taɓa nuna mini ɗaya, siririya kamar gashin kai, ta ce haske ne ke gudu a ciki ɗauke da muryoyin mutane. Na ce to, na ci gaba da gyaran kuɓewata.

Abin da ya dame ta shi ne damina. Inda waya ta haɗu da waya, cikin wani akwati ake rufe mahaɗin a ajiye a rami. Zafin bazara ya busar da robar bakin akwatin, ruwan sama ya zo ya cika ramin, laka ta shiga, sai rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke a unguwa guda. Sau da yawa ta dawo gida jiƙe sharkaf daga gyara, washegari a sake kiranta wuri ɗaya.

Daga nan ta fara ƙera nata akwatin. Dabararta ita ce, duk yadda ruwa ya danne murfin, haka bakin zai ƙara matsewa. Gidana ya zama wurin gwaji. Bahon wankina ya tafi, randar tsakar gida ta tafi. Ta jiƙa akwati cikin ruwa, ta ɗora shi kan kwanon rufi ya gasu a rana, ta sake jiƙawa. Na farko ya sha ruwa, na biyu ya tsage, sauran ban ma san iyakarsu ba. Maƙwabciyata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko lafiya yarinyar nan take, na ce lafiyarta ƙalau, baho dai nake nema.

Da ta samu wanda ya yi, sai ta shigar da takardun neman birebe, shaidar da hukuma ke bai wa mutum cewa shi ya ƙirƙiro abu. Shef ɗinsu, wato shugabansu a wurin aiki, ya yarda a gwada akwatin a rami ɗaya tak, wanda ya fi kowanne cika da ruwa, a bar shi har damina ta wuce. Ya faɗa mata gaskiya, in aka buɗe aka ga ruwa a ciki, maganar ta mutu ke nan. Daminar shekarar kuwa ba ta yi wasa ba. Duk hadarin da ya haɗo, ni ina kwashe shanya, ita tana tsaye a ƙofa tana kallon sama, abinci ma sai na matsa mata.

Ranar buɗewa ina shirin fita kasuwa ta tare ni. "Yaya, ki raka ni. Ba zan iya zuwa ni kaɗai ba." Na aika wa maƙwabciyar teburina ta kula mini da kayan, muka tari taksi.

Mun tarar da shef da ma'aikata sun ɗage murfin ramin a gefen gudron, wato titin kwalta. Cike yake da jan ruwa har baki. Aka kunna injin zuƙa, kwaɗi suka yi ta tsalle suna fitowa. Da aka ciro akwatin ban gane shi ba, curin laka ne kawai. Na tuna duk waɗanda suka sha ruwa a bahona, na fara tunanin kalmomin da zan lallashe ta da su a hanyar gida.

Ta durƙusa ta wanke shi da kanta. Da ta zo buɗewa, makullin akwatin ya suɓuce mata ya faɗa cikin laka. Shef ya ɗauko ya goge a wandonsa ya miƙa mata, ya ce ta bi a hankali, ba mai korarta. Murfin ya yi gardama, sannan ya saki. Ashe ranar da ta rufe shi ta saka ɗan guntun auduga a ciki. Ta ɗauko shi ta ɗora a tafin hannun shef, fari tas, a bushe kamar yanzu aka tsinko shi. Suka jona na'urarsu ta awo, hasken yana wucewa yadda ake so.

Shef ya daɗe yana juya audugar nan. Can ya ce, "Madam, ramuka nawa za ki iya yi mana kafin damina mai zuwa?"

Ni dai ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba, a tsakiyar titi, gaban manyan mutane. Wata Bazabarmiya mai tuyar fari masa ta taso da gudu tana tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce mata kusan haka ne. Ta juye mana masa a takarda ta ce kyauta ce, ma'aikata suka ci da hannuwansu na laka suna dariya. Ƙanwata ta kifa kanta a kafaɗata tana kuka tana dariya, duk ta ɓata mini mayafi, ban ko damu ba.

Birebe ya fito bayan an daɗe ana jira, da sunanta da na mahaifinmu a jiki, muka yi walima a Maourey. Amma ni ranar ramin ce tawa. Ita ta koya mini cewa in naka ya kama wani abu da ba ka gane ba, ba dole sai ka gane ba kafin ka tsaya masa. Ka ba shi wuri, ka ba shi abinci, in ya ce ka raka shi ka ajiye abin da kake yi ka tafi.