Jifan Magina a Longsight

Duk Manchester babu mai hannu irin nawa. Idan na jefa ƙwallon besbol, sai an ji ƙararta har unguwar Gorton kafin ta isa hannun mai cafewa. Haka nake gaya wa mutane har yau. Amma jiya da na buɗe kwalbar man zafi, ƙamshin ya tuno mini da dattijon da ya san gaskiyar zancen.

Maƙwabcina ne a unguwar Longsight, tsohon magini daga Kano da ya zo zama wurin 'yarsa. A lokacin kafaɗata ta kumbura, koci ya ce in ban gyara jifana ba, babu ni a tawagar da za ta je wasa Birmingham. Dattijon ya biyo ni fili da jaket biyu a kan jallabiya, ya kalli jifana sau biyu kacal.

"Ɗan nan, da hannu kake jifa? Mu da muke wuni muna cilla curin laka saman gini, ƙafa ke turawa, ƙugu ya juya, hannu rakiya kawai yake yi."

Sati uku yana dungurar ƙuguna da sanda, in an gama ya murza mini man zafi da tafinsa mai kaushi. Kafaɗa ta lafa, koci ya sa sunana. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya huta.

Wata rana na cilla masa ƙwallo guda, na ce, "Baba, ka ga gudu?"

Ya ce, "Na gani. Da ni ne a saman ginin, da na sauko na karɓa ya fi sauri."